Makokin da Gwamma Ta Kai wa Alhaji Abdulnasir

Duk macen da ta sauka daga motar Agadas a Tamanrasset, in dai Hausa take ji kuma ba ta da kowa, gidan Gwamma ake nuna mata. Ni ma can aka nuna mini, shekarar da na baro Maraɗi da ƙullin turaren wuta da ciwon kai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce daga ganin idona za a sha faɗa da ni a unguwa, sannan ta shimfiɗa mini tabarma ta dama mini fura. Ba ta yi ƙarya ba. Yau shagona yana jikin katangarta, kuma ita kaɗai ce maƙwabciyar da ban taɓa sa-in-sa da ita ba, don na san ba zan kai labari ba.

'Yar Damagaram ce. Aure ne ya kawo ta, ta auri Ghali, wani Buzu mai takardun Aljeriya, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, wanda hanyar In Salah ta cinye ya bar ta da yara biyu, Isufu da ƙanwarsa Raihana. Dambun zogale da fura take sayarwa a ƙofar gida, amma babban aikinta shi ne tsaya wa mutum. A nan baƙo ba ya samun ɗakin haya, ko rumfa a kasuwa, ko matar aure, sai wani sananne ya ce ya tsaya masa. In baƙon ya yi abin kirki, shi ke nan. In ya yi tsiya, wanda ya tsaya masa ake nema. Gwamma ta tsaya wa mutane ba adadi, kuma in ta ce ta tsaya, ko Balaraben da ya fi kowa taurin kai a kasuwar Assihar yakan miƙa makulli.

Yaranta duka biyu da ciwon nan aka haife su, wanda 'yan Najeriya ke kira sikila, mu kuma muke ce masa emasi. Tamanrasset kuwa gari ne a kan tudu, in sanyi ya sauko daga duwatsu ko ruwan alwala sai an dafa. Lokacin ne ƙasusuwan yaran ke tashi. Na sha ganin Isufu, saurayi da gemunsa, yana birgima a tsakar gida yana cizon gefen zanen uwarsa, Raihana na kwance a ɗaki ita ma nata ya fara. A kai su asibiti, a sa musu ruwa, a yi musu allura, a sallamo su, kafin wata ya zagayo a koma. Haka Gwamma ta rene su, tana daka tana leƙa ɗaki.

Ana nan sai ga wata likita mai suna Khalida, 'yar arewa can bakin teku, siririya mai tabarau, ko sannu ba ta iya da Hausa ba. Ta daɗe tana yawo a unguwa ba wanda ya buɗe mata ƙofa, don rabin mutanenmu da sun ga farar riga da takarda sai su ɗauka jandarma na biye da ita. A ƙarshe wani ya tausaya mata ya nuna mata gidan Gwamma, wadda ta iya Larabcin kasuwa. Khalida ta yi bayani cewa wani attajiri, Alhaji Abdulnasir, mai kamiyoyin nan da ke cika hanya, ya kafa gidauniya da dukiyarsa ya ɗauki nauyin bincike a kan wani sabon maganin emasi. Ba hannun gwamnati a ciki, aljihun mutum ɗaya ne. Suna neman masu ciwon su riƙa shan maganin, ana ɗibar jininsu ana dubawa.

Zan faɗi gaskiya a kan Khalida, ko da yake har yau ina jin haushinta. Ba ta ɓoye komai ba. Ina zaune ta ce maganin na gwaji ne, kuma mai kuɗin yana da ikon tsayar da aikin duk ranar da ya ga dama. Ta faɗa ta maimaita. Gwamma ta yi mata tambaya ɗaya tak, ko mutumin ya je Makka. Ta ce ya je, ba sau ɗaya ba. Gwamma ta yi dariya, ni ma na taya ta. A wurinmu abin da mai hali ya fitar don marasa lafiya sadaka ce, kuma ba mu taɓa jin wanda ya haƙa rijiya don Allah ya dawo ya cike ta da ƙasa ba. Tambayar mai kyauta har yaushe zai ci gaba da bayarwa kuwa rashin kunya ne, ko yaro ba ya yi. Muka ɗauka Khalida halin 'yan boko take nunawa, waɗanda ba sa iya ce maka ina kwana sai sun haɗa da sharaɗi. Gwamma ta ce ta tsaya mata.

Da ƙafarta ta bi gida-gida. Inda aka ce ana tsoron a sayar da jinin yara, sai ta ce nata biyu ne a gaban layi, a sayar da nasu tukuna. Inda aka ce babu takardun zama, ta ce likitar ba dowan ba ce mai tare hanya, jini take dubawa ba fasfo ba. Kafin sanyi ya shigo ƙofar ɗan asibitin gidauniya ta cika da mutanenmu.

Maganin kuma ya yi aiki, wannan ko maƙiyin Alhaji ba zai musa ba. Sanyi ya zo ya wuce Isufu bai kwanta ba. Idonsa da ya saba zama rawaya ya washe. Ya buɗe rumfar gyaran waya, ya sayi babur, har ƙauyen Mertoutek yake zuwa kai wa masu lambu wayoyinsu ya dawo da rumman. Ya ga wata yarinya, Mairama, aka duba jininta a na'urar gidauniya aka ce ba ta ɗauke da ciwon, aka ɗaura aure. Raihana ta yi ƙiba, ta koyi ɗinki, ta koyi tsiwa. Alhaji Abdulnasir dai ba mu taɓa ganinsa ba sai hotonsa a bangon asibiti, amma ya sha addu'a a unguwar nan har in da addu'a na sa ƙiba da ƙofa ba ta ɗauke shi ba. Jarirai maza da aka haifa a shekarun nan, ka kira Nasiru a layinmu ka ga yadda za su waiwayo.

A cikin shekara ta uku, wata safiya, aka tarar da ƙofar asibitin a kulle. Khalida ce ta zo da kanta gidan Gwamma, ta zauna a kan turmi tana kuka. Ta ce wasu baƙi sun hau da Alhaji dutsen Assekrem, ya ga taurari yadda suke a can, abin ya shiga ransa, ya yanke shawarar gina gidan kallon sama da manyan madubai, a kawo masana daga waje. Binciken jini kuma ya yi masa nawa, shekaru suna tafiya ba a ambaci sunansa a ko'ina ba. Ya juya kuɗin. Maganin ba a sayar da shi a kowane kantin magani, ragowar da ke ɗaki an kwashe an mayar wa masu yin sa. Ita ma kanta an sallame ta.

Taurari. Abin da ke rataye a sama tun kafin a haifi kakansa, ba ya ciwo, ba ya kuka, ba inda za shi, shi ne ya fi gaggawa.

Gwamma ta yafa mayafi ta fita neman inda za ta kai ƙara. A babban asibiti aka ce aikin ba nasu ba ne. A buron gwamnati aka ce mutum da dukiyarsa, bai karya doka ba. Ta je ofishin kamiyoyinsa, mai gadi ya ce Alhaji ba ya zama a Tamanrasset. Da gwamnati ce ta yi mana haka, da akwai ƙofar da za a je a zauna a yi ta ihu har wani ya leƙo. Wannan kuwa ba ƙofa, ba mai leƙowa. Ta dawo da la'asar ƙafafunta sun yi futu-futu, ta ɗora tukunyar dambu.

Sanyin shekarar ya ɗauki Isufu. Ciwon ya kama shi a ƙirji, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Mairama na da ciki. Kafin zafi ya dawo an binne 'yar Juwairiyya mai ƙosai, da wasu yaran na layin baya. Daga baya na ji Khalida na cewa ba za a iya rantsuwa cewa yanke maganin ne ya kashe su ba, ciwon da ma yana kisa. Wataƙila haka ne a littafinsu. Mu dai mun ga yara sun miƙe da magani, mun ga sun faɗi da aka janye shi.

Kuma tunda Gwamma ce ta tsaya, ita aka nema. Juwairiyya ta zo ƙofarta bayan an share makoki. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta tsaya daga bakin zaure ta ce, "Yaya Gwamma, ke kika ce in kawo ta." Ta juya ta tafi.

Daga ranar Gwamma ba ta sake tsaya wa kowa ba. Baƙi na zuwa ta ba su fura da tabarma, amma in aka zo maganar tsayawa sai ta ce bakinta ya mutu. Abin da ya rage mata shi ne Alhaji Abdulnasir. Bayan kowace salla sai ta ambaci sunansa da na ubansa, wanda ta sha wahala kafin ta samo, ta ce Allah ya isa. In kamiyonsa ya wuce sai ta tofar da yawu. Ta yi rantsuwa ba za ta sake cin abin da motarsa ta ɗauko ba, na ce mata to sai ta koma cin duwatsu, don ko gishirin dambunta shi ya kawo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba mutuwarsa take roƙo ba, mutuwa ai kowa zai yi, so take ya zauna a gaban mutane ya rasa inda zai sa fuskarsa, kamar yadda ta rasa a gaban Juwairiyya.

Raihana kuwa ciwon ya dawo mata da ƙarfinsa. Ya ci mata ƙugu, ta fara ɗingishi, keken ɗinkin ma da ƙafa ɗaya take taka shi. Duk shigowar sanyi sai mu zuba mata ido, ita ma ta san abin da muke kallo.

Shekaru suka ɗan ja, sai ga Khalida ta dawo, ta yi furfura a gefen kai. Ta durƙusa ta gai da Gwamma, ta kira ta Khalti, wato inna, kamar da. Ta ce abin da aka samo daga jinin yaranmu ya kai ga wani babban kamfanin magani na Turai, sun ga maganin na da kyau, suna son a yi babban gwaji na ƙarshe. Alhaji ya ji ƙamshin suna da riba, ya dawo. Amma wannan karon ita ta tsaya kai da fata sai da aka rubuta cewa duk wanda ya shiga zai ci gaba da samun maganin muddin ransa, ko an tsayar da bincike. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne, a samu mutane da yawa, kuma su gani da idonsu cewa jama'a na so. Za a kafa rumfa, Alhaji zai zo da kansa tare da Turawan. In ba a samu mutane ba, wani gari za a kai aikin.

Tana cikin magana na ji keken Raihana ya tsaya a ɗaki.

Gwamma ta waiwaya wajen ɗakin. Sannan ta ce, "Ki ce masa ya kafa rumfarsa. Zan kawo masa mutane."

Khalida ta kama hannunta tana godiya. Ni kuwa na san Gwamma, na san wannan muryar. Da likitar ta fita na ce mata ta dubi Allah ta dubi Raihana. Ta ce wanda ya raya Raihana kafin a san Alhaji yana nan bai mutu ba, kuma takardar da aka rubuta, wanda ya rubuta ta yana iya yaga ta. Raihana ta fito tana dafa bango, ta ce ita dai ko shaiɗan ne ya kawo maganin za ta sha, ta gaji. Uwar ta ce mata ta koma ɗaki. Gwamma ta sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa musu abin da take so a yi. Wasu sun yi jim, don suna da masu ciwon a kwance, amma ba wanda ya manta, kuma ba wanda ya yarda da alkawari na biyu daga bakin da ya karya na farko. Ni ma da ta zo kaina ban ja ba. Ina son in ga fuskar mutumin nan.

Da ranar ta zo, tun da hantsi aka kafa rumfa a filin gaban tsohon asibitin, da fararen kujeru, da teburin rubuta sunan masu shiga gwaji, da masu ɗaukar hoto, da masu gashi suna ta juya raguna. Alhaji na zaune a gaba tsakanin Turawa biyu. Na yi tsammanin wani ƙato, ashe ɗan guntun tsoho ne mai tari, yana ta murmushi. Muka shigo a jere, ba guɗa, ba gaisuwa. Matasa suka ɗauke kujerun suka jingine su a gefe, muka shimfiɗa tabarmi a ƙasa, muka tuɓe takalma, mata gefe guda a lulluɓe, maza gefe guda da liman. Aka ajiye farantin dabino da gumba a tsakiya, irin na sadakar mamaci. Turawan suka ɗauka al'adar tarbar baƙo ce, suka ɗaga wayoyinsu. Alhaji kuwa Musulmi ne, ya san zaman makoki in ya gan shi. Na ga murmushin ya bushe a bakinsa.

Liman ya buɗe da addu'a, yana kiran sunayen yaran da muka binne, kowane da sunan uwarsa. Da ya shafa, Gwamma ta tashi ta taka har gaban Alhaji, ta durƙusa yadda ake durƙusa wa wanda aka yi wa rasuwa, ta yi magana da Larabci don kada ya ce bai ji ba.

"Alhaji, mun zo yi maka gaisuwar Isufu. Kai ka ɗauke shi, kai ka ajiye shi, kai ya kamata a yi wa ta'aziyya. Allah ya ba ka haƙuri."

Mutum ba ya tashi ya bar masu yi masa ta'aziyya, ba ya kuma ƙin amsawa. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce amin. Juwairiyya ta taso ta durƙusa ta yi masa gaisuwar 'yarta. Ya ce amin. Mairama ta zo riƙe da hannun yaron da Isufu bai gani ba. Haka aka yi ta zuwa, uwa bayan uwa, uba bayan uba, har amin ɗin ta daina fita sai leɓe kawai ke motsi. Baturiyar da ke damansa ta sauke wayarta ta tambayi Khalida abin da ake cewa. Khalida ta yi fari fat, amma ta fassara mata duka, ba ta rage ko kalma ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Wallahi na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar aurena.

Muka naɗe tabarminmu, ba wanda ya taɓa naman, ba wanda ya kalli teburin rubuta suna. Sai mutum ɗaya. Muna fita na ji taku ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi, na waiwaya na ga Raihana ta ratsa filin ita kaɗai, a gaban uwarta da dukan unguwa, ta je ta ba da sunanta.

Suna ɗaya ba ya yin bincike. Kamfanin ya kwashe aikin ya kai Annaba, can bakin teku, tafiyar da sai mota ta kwana tana gudu ba ta kai ba. An ce sun cire sunan Alhaji daga ciki, an ce hoton zaman ya zagaya wayoyi har garinsu, ya daina fita masallacin Juma'a na wani lokaci. Gwamma ta yi dambu tukunya biyu ta raba kyauta. Juwairiyya ta zo ta ci, karo na farko tun rasuwar 'yarta. Sai dai da sanyi ya matso, na fara lura wasu iyayen da ke da masu ciwo a ɗaki sun daina biyowa ta layinmu.

Raihana ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta ƙarasa ɗinkunan mutane ta mayar musu, ta sayar da keken. Tana da takardun ubanta, jandarma ba abin da za su ce mata a hanya, Khalida kuma ta samar mata wuri a gwajin da ɗakin kwana wurin wata 'yar'uwar ita likitar. Ranar tafiyar da safe na shiga na tarar da jakarta a tsakar gida, Gwamma na tankaɗe kamar ba ta gani ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, duk abin da ta yi don jininta ta yi, don kada a ce an taka su an wuce.

Raihana ta saɓa jakar ta ce, "Inna, kin rama wa Yaya Isufu, kin kyauta. Amma shi ya riga ya tafi. Ni ina nan a ɗaki, da raina, kika wuce ni."

Ni na raka ta tasha. Gwamma ba ta fito ba.

Har gobe in baƙuwa ta sauka a gidan, kafin ta gama shan fura za ta ji labarin rumfar Alhaji, da yadda ya ce amin, da yadda zufa ta jiƙa masa riga. Gwamma na ba da shi da daɗinsa, kuma ta ce ko yau aka sake kafa rumfar za ta sake shimfiɗa tabarma. Raihana tana samun maganin, ta samu sauƙi, an ma yi mata aiki a ƙugun. Ni take kira a waya, ba ta kiran uwarta. Duk ranar da ta kira sai in zagaya in ba Gwamma labari, ta ci abinci, ta yi ƙiba, ta samu aikin ɗinki. Takan saurara har in gama, sannan ta tambaya ko yarinyar ta ambace ta. Ban taɓa yi wa Gwamma ƙarya ba, shi ya sa nake miƙewa in ce na bar shago ba kowa.